Hausa a Zauren Taro na Leipzig: Sharhi a Kan Tarukan Masana Harsunan Cadi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2001 aka fara wani taro na masana harsunan dangin Cadi a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus, wanda aka tsara a riƙa yin sa duk bayan shekara biyu. Na biyu an yi shi a Prag a 2003, na uku a Villejuif kusa da Paris a 2005, na huɗu a Bayreuth a 2007, sannan na biyar ya koma Leipzig a 2009. Harsunan Cadi kimanin 150 ne, ana magana da su a Nijar da Nijeriya da Kamaru da Cadi, kuma Hausa ce mafi yawan jama'a a cikinsu. Wannan takarda za ta yi sharhi a kan irin wannan taro: me ɗalibin harshe yake samu idan ya halarta, me ya kamata ya sa wa ido, kuma da me shi ma zai je.

2.0 Wurin Taro da Tarihinsa

An kafa Jami'ar Leipzig a 1409, lokacin da wasu malamai da ɗalibai suka yi hijira daga Prag. Cibiyarta tana tsakiyar birni, a dandalin Augustusplatz. A nan ne hukumomin Jamus ta Gabas suka rushe tsohon cocin jami'ar a 1968, aka kuma buɗe sabon gini a gurbinsa a 2017. Baƙo yana iya shagala da kallon gine-gine, amma tarihin da ya fi shafar ɗalibin Hausa ba na bango ba ne. A shekarun 1870 wasu masana na wannan jami'a, irin su Karl Brugmann da August Leskien, suka tsaya a kan ra'ayin cewa sauyin sauti a harshe yana bin doka ne, ba kara-zube yake faruwa ba. A nan Ferdinand de Saussure ya fara karatu a 1876. Haka kuma a 1930 August Klingenheben ya zo ya jagoranci nazarin harsunan Afirka. Sunansa ne aka laƙaba wa dokar sauti mafi shahara a tarihin Hausa. Ke nan ɗalibin da ya shiga zauren taro a Leipzig ya shiga gidan da aka daɗe ana tattauna harshensa.

3.0 Abin da Taro Yake Bayarwa

Galibi akan ba mai maƙala minti 20 zuwa 30, sannan a buɗe fagen tambayoyi. Yakan raba takardar misalai, ko ya haska su a allo. Kowace jimla ana rubuta ta da alamun karin sauti da tsawon wasali, a ƙarƙashinta a fayyace ma'anar kowane ɓangare na kalma, sannan a kawo fassara. Ƙa'idojin wannan fayyacewa da masana da yawa suke bi a yau, su ma a Leipzig aka tsara su, kuma da sunan birnin ake kiran su.

Wannan tsari yana da amfani babba. Na farko, yana tilasta wa mai magana ya kawo hujja, domin duk wanda yake zaure yana iya duba misali ya ce bai yarda ba. Na biyu, yana ajiye Hausa kusa da ƴan'uwanta, kamar Bole da Ngizim da Bade da Margi, ta yadda ɗalibi zai gane cewa wasu abubuwan da ya ɗauka na Hausa ne kaɗai, gadon dangi ne. Wannan ba ƙaramar riba ba ce ga wanda bai taɓa nazarin wani harshe na Cadi ban da nasa ba.

4.0 Wace Hausa Ce a Takardar Misalai?

Sai dai akwai inda gizo yake saƙa. Sau da yawa idan mai maƙala ya ce "Hausa tana yin kaza", Hausar Kano yake nufi, wadda aka gina daidaitacciyar Hausa a kanta. Dokar Klingenheben kanta ta isa misali. Dokar tana bayanin yadda baƙin da ya zo a ƙarshen gaɓa yake raunana. Bahanɗe yana komawa "u": talaka amma talauci, Bugaje amma Buzu. Bahanƙe yana komawa "r": fatake amma farke. Baleɓe shi ma yana komawa "u": sauro, aure, zauna, auduga.

To amma wannan kashi na uku bai game ƙasar Hausa duka ba. A Sakkwato da Gobir da Adar har yanzu ana cewa sabro, amre ko arme, zamna, abduga. Hatta Audu, wanda ba ya rabuwa da jimlolin misali na littattafan nahawu, Abdu ne a yamma. Wannan bambanci ne ya nuna cewa sauyin leɓawa ya zo daga baya, kuma bai kai ko'ina ba. Paul Newman, a littafin da ya wallafa a kan dokar a 2004, ya nuna cewa sauye-sauye ne daban-daban waɗanda ba lokaci guda suka faru ba. Ashe karin harshen da wani ɗalibi yake jin kunyar yi a aji, shi ne shaidar da masanin tarihin harshe yake nema.

Haka abin yake a nahawu. Inda Bakano ya ce "su suka zo", mutumin Tawa zai ce "su sunka zo". Inda aka ce "ya gaya wa Audu", a yamma "ya gaya ma Abdu" ne. Idan aka gina bayani a kan siga ɗaya, aka kuma kira shi bayanin Hausa, an rufe ƙofa ga rabin hujja. Abin da ya kamata a nema daga kowace maƙala shi ne ta faɗi inda ta samo misalanta: daga bakin wa, na wane gari, cikin hira ko cikin tambaya da amsa a ofis.

Adalci ne a ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Bernard Caron ya wallafa cikakken nazari a kan Hausar Adar a 1991, kuma manyan littattafan nahawu na Newman a 2000 da na Philip Jaggar a 2001 sun ambaci sigogin yamma a wurare da dama.

5.0 Harshen Taro da Makomar Maƙalu

Matsala ta biyu ita ce ta nisa. Zama biyar na farko na wannan taro duk a Turai aka yi su. Ɗalibi daga Yamai ko Marwa ko Njamena sai ya nemi biza da kuɗin jirgi da na masauki kafin ya ji abin da ake faɗa a kan harshensa. Da Ingilishi, wani lokaci da Faransanci, ake gabatar da maƙalu, Hausa kuwa sai dai a gan ta a misali. Bayan taro ana buga maƙalun a birnin Kolon na Jamus, a kan farashin da ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Ba dole ne abin ya zauna haka ba. Babban taron duniya na masana harsunan Afirka, wanda shi ma ya zauna a Leipzig a 1997, ya je Lome a 2000 da Buea ta Kamaru a 2012. Tun a 1978 kuma Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya taron ƙasa da ƙasa a kan harshe da adabi da al'adun Hausawa, inda Hausa ta zama harshen tattaunawa, ba abin tattaunawa kaɗai ba.

6.0 Kammalawa

Taron masana a tsohuwar jami'a irin ta Leipzig makaranta ce ta koyon hujja, kuma duk ɗalibin da ya sami dama ya kamata ya je. Amma kada girman gini da girman sunaye su sa ya koma ɗan kallo. Ya tafi da misalan da ya naɗa daga bakin mutanen garinsu, da alamun karin sauti a kansu, da bayanin wanda ya faɗe su da kuma lokacin. Idan aka haska jimla aka ce ba a faɗin ta a Hausa, alhali ya tashi yana jin ta a bakin kakarsa, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya faɗi sunan garin. Idan ya dawo kuma, ya rubuta abin da ya ji da Hausa, domin ƴan ajinsu da ba su je ba.