Sabbin gwaje-gwajen ƙullutun fankiriyas: mene ne ainihin abin da suke amsawa?

Mai karatu, yawancin ƙullutun ruwa da ke fitowa a fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, ba neman su ake yi ba. Ana ɗaukar hoton CT ko MRI don wani ciwo daban, sai a gan su. Daga nan likita na da zaɓi biyu masu nauyi: ko dai tiyata irin ta Whipple, wadda babbar aba ce, ko kuma bibiya ta shekaru da fargabar kansa.

Tun 2004 ake dogaro da sinadarin CEA a ruwan da aka zuƙo da allura: in ya haura 192 ng/mL, ana ɗauka ƙullutun mai yauƙi ne, wato irin da ka iya rikiɗewa zuwa kansa. Yanzu ga gwajin ƙwayoyin halitta irin PancreaSeq na Jami'ar Pittsburgh a Amurka. Sauyi a KRAS ko GNAS na nuna mai yauƙi, VHL na nuna mai ruwa tsararo wanda kusan ba ya illa. Ci gaba ne kam.

To amma fa auna sukarin ruwan nan, in ya gaza 50 mg/dL, shi ma yana nuna mai yauƙi, kuma da 'yar na'urar masu ciwon suga ma an gwada shi. Tambayar da ke hana marar lafiya barci ai ita ce: nawa ɗin nan zai zama kansa, kuma yaushe? A nan TP53 da SMAD4 na taimakawa, sai dai ka duba yadda ake tabbatar da ingancinsu. Sahihiyar amsa tana fitowa ne daga naman da aka yanke, kuma waɗanda aka yi wa tiyata su ne dama likitoci suka fi zargi. Alƙaluman da aka samo daga gare su ba lallai su dace da dattijuwa mai ƙullutun milimita 12 da ba ya damun ta ba.

Shi ya sa na fi ganin ƙimar ƙa'idojin Kyoto na 2024, da suka ba da zaɓin a daina bibiyar ƙullutun da bai kai milimita 20 ba in ya shekara biyar bai canza ba. Duk takardar da ta zo maka da sabon gwaji, fara duba mutum nawa a cikinta aka bi shekaru ba tare da an yanka su ba.