Nas Mai Gadin Ƙwaƙwalwa

Wanda babur ya kayar a Kusa, bakin iyakar Jibiya, aka garzaya da shi Katsina a sume, ba ya iya faɗin inda yake masa ciwo. Haka dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, haka yaron da sanƙarau ya sandarar wa wuya a tsakiyar bazara. Likita zai duba ya wuce zagaye. Nas ce ke kwana a kansu, ita ce ke gane halin da ƙwaƙwalwar take ciki.

Aikinta yana da ma'auni. A 1974 likitoci biyu a Glasgow, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka tsara yadda ake auna zurfin suma, kuma har yau da shi ake aiki a duniya. Abu 3 ake dubawa: buɗe ido, magana da motsi. Mai cikakken hayyaci yana samun maki 15, mafi ƙanƙanta 3 ne. Idan makin ya sauka zuwa 8, numfashin mara lafiya ma yana cikin haɗari.

Ku lura da ita a bakin gado. Ta sunkuya ta kira sunansa: "Baba, buɗe idonka. Ina muke yanzu? Matse hannuna." In bai amsa ba, sai ta danna masa farce ta ga ko zai janye hannu. Sannan ta ɗaga fatar idon ta haska tocila. Baƙin ido mai lafiya yakan tsuke nan take. Idan na gefe ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa, wataƙila jini ne ke taruwa cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Ba ta jira gari ya waye. A take za ta taso likita. Kowane awo tana rubuta shi da lokacinsa, domin saukar maki daga 13 zuwa 11 cikin awa guda ta fi kowace lamba guda muhimmanci.

Sauran aikin haƙuri ne. Ta ɗaga kan gado kaɗan don rage matsi a ƙwaƙwalwa. Ta juya mara lafiya duk bayan awa 2 kada baya ya yi gyambo. Ta gwada haɗiyarsa kafin a ba shi ko cokali guda na kunu, domin wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana iya shaƙewa, abincin ya gangara huhu.

A nan ne 'yan uwa ke ganin tsananinta. Idan ta ce, "Hajiya, a dakata da ruwan nan tukuna," tausayi ne ya sa ta faɗa. 'Yan matanmu da samarinmu da ke makarantun koyon jinya a Katsina da Kano su dubi wannan fanni da kyau. Asibitocinmu na matuƙar buƙatar masu irin wannan ido, kuma koyonsa ake yi.