Wa ya gaisa da wa a taron masana Hausa?

A shekarar 2009, a wani taron masana kimiyyar kwamfuta da aka yi a birnin Turin na Italiya, an rataya wa mahalarta ƴan ƙananan na'urori a ƙirji. Duk sa'ad da mutum biyu suka tsaya fuska da fuska, na'urar ta ajiye labari. Da aka watse, sai aka zana kowane mutum a matsayin ɗigo, kowace hira kuma zare tsakanin ɗigo biyu. Wannan shi ne nazarin saƙar alaƙa. Masu shirya taruka suna duba irin wannan zane don su gane inda jama'a ta dunƙule da inda zare ya tsinke, sannan su haɗa waɗanda ba su taɓa zama tare ba. Hujjarsu ta samo tushe daga Mark Granovetter, wanda ya nuna a 1973 cewa sabon labari ya fi isa ga mutum ta bakin wanda suka yi wa juna sanin shanu, domin aminai abu guda suka sani.

A ganina, tarukan harshen Hausa suna bukatar wannan madubi. Wanda ya taɓa zama a zaure guda da malaman Kano da na Yamai ya san yadda abin yake: ana gaisawa da Hausa, amma da an zo ga takarda, wannan ya jingina da littattafan Ingilishi, wancan da na Faransanci, kowa yana ambaton malamansa. Iyakar da ke Ɗan Barto takan biyo mu har cikin zaure. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa, amma har yau mu muna rubuta ƴ, su suna rubuta 'y. Zanen alaƙa zai nuna mana mutane nawa ne ke riƙe da zaren da ya haɗa ɓangarorin biyu, kamar dillali a kasuwar Matamaye. Ina zaton ba su da yawa, kuma in sun tsufa babu wanda ya shirya magadansu.

Sai dai na'ura ba ta ƙidaya sai wanda ya shiga zaure. Malamin makarantar Icirnawa da ba a gayyata ba, ba shi da ɗigo. Haka alarammar da ke rubuta ajami, haka mawaƙin da ake rubuta takardu a kan waƙarsa. In aka zaɓi baƙin taron baɗi daga zanen na bana, waɗanda suka fi yawan zare su za a sake kira. Kuma tsayuwar minti goma ba ta bambanta gardamar ilimi da tambayar masauki.

Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, kalmomin lissafi da kimiyya da za mu koyar a aji daga irin waɗannan taruka za su fito. Kafin a sayi na'ura, ƙungiyoyinmu suna iya raba takarda a ƙofar zaure mai tambaya biyu: da wa ka yi aiki bara, kuma wane ne ya kamata ya zo bai zo ba?