Adon da Injin Fotokofi Ke Cinyewa

Ƴan littattafai bakwai ne a gabana, duk na ɗalibai irinmu: uku daga Maraɗi, biyu daga Damagaram, ɗaya daga Tawa, ɗaya daga Yamai. Yau ba zan taɓa abin da ke cikinsu ba, wasu sun riga sun yi magana a kan waƙoƙin da labaran. Fuskarsu nake so mu duba, wato bango da shafi da irin harafin da aka zaɓa. Ra'ayina shi ne, shida daga cikin bakwai ɗin an yi musu ado ne domin fuskar kwamfuta, an manta cewa a baƙi da fari za su isa hannun mai karatu.

Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Marubuci ya gama waƙarsa, ya tafi gidan intanet ko wurin masu buga takardu, ya buɗe Word, sai ya ga salon haruffa sun fi ɗari suna jiran sa. To, wa zai haƙura da ɗaya? Take ya fito da Algerian, sunan marubuci da Monotype Corsiva, waƙar kanta da Comic Sans, a zagaye shafin da furanni, a shimfiɗa hoton faɗuwar rana a bayan rubutu. A fuskar kwamfuta kam, wallahi abin ya yi kyau. Amma injin fotokofi bai san ja ba, bai san shuɗi ba. Ja mai duhu yakan koma kusan baƙi, ruwan toka mai haske ya ɓace ɗungum, hoton faɗuwar ranar nan kuma ya zama hayaƙi. A ɗaya daga cikin littattafan Maraɗi akwai waƙa a kan mahaifiya da ta rasu, an ɗora ta a kan irin wannan hoto. Baiti biyu na ƙarshe ba sa karantuwa ko da rana tsaka. Mutum ya zuba zuciyarsa, ado ya binne ta.

Kuma kada mu manta, littattafanmu ba daga asali ake kwafe su kullum ba. Wani ya samu kwafi a Damagaram, ya kai wa abokinsa a Tawa, shi ma ya sake kwafewa. Duk lokacin da aka kwafi kwafi, siraran layuka na tsinkewa, ramukan da ke cikin a da e da o na cikewa da baƙi. Harafi mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki shi ke fara mutuwa.

Sai maganar girma, wadda lissafi ce kawai. Takardar A4 tana da milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. In aka ninke ta biyu ta zama A5, wato girman ɗan littafin da ke hannunka. Da yawa suna tsara shafinsu a A4 da harafi mai lamba 12, sannan su ce wa mai inji ya rage. Ragewar nan kashi 71 cikin 100 ce, don haka 12 ta koma takwas da rabi. Ka ba wa ɗalibin da ke karatu da fitilar waya bayan an ɗauke wuta wannan, ka ce ya ji daɗin adabi! Maganin ba shi da tsada: a tsara shafin a A5 tun farko, a bar fili sosai a gefen da za a ninke, a tuna cewa shafuka huɗu-huɗu suke tafiya. Furannin gefe kuwa, injin ba ya kai wa bakin takarda, shi ya sa ake ganin su a yanke ta gefe ɗaya kamar rigar da tela ya yi fushi da ita.

Abin da ya fi ci mini rai dai shi ne ƙugiya. Yawancin haruffan ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don waɗanda suka zana su ba da Hausa a rai suka zana ba. In ka buga ƙ a cikinsu, ko dai kwamfuta ta aro ta daga wani salon, ta fito a karkace kamar baƙuwa a tsakiyar kalma, ko kuma a wurin mai bugawa ta koma ɗan akwati fanko. Me marubutanmu suke yi in sun ga haka? Maimakon su sauya salon harafi, sai su cire ƙugiyar. A nan ne ƙasa ke zama kasa, ƙarya ta zama karya. Akwai bangon da aka so a ce ƙasata, aka rubuta kasata da manyan haruffa masu inuwa. Tun shekarun 1930 ake buga Hausa da haruffa masu ƙugiya a Zariya, kuma a nan Nijar dokar rubutun Hausa ta 1999 ta tabbatar da su, har da ƴ inda maƙwabtanmu ke sa 'y. A ce yau ɗalibi mai kwamfuta ya yar da su saboda wutsiyar harafin Corsiva ta burge shi? Alhali akwai Charis SIL da Gentium da Andika, kyauta ake samun su, duk ƙugiyoyinmu na ciki. In aka mayar da aikin PDF kafin a kai wa mai inji, harafin na tafiya tare da shi, ba ruwanka da abin da ke cikin kwamfutarsa.

Wani zai ce, to malam, so kake mu riƙa fitar da littafi tsirara kamar takardar jarrabawa? A'a. Na san abin da ke tura mu ga ado: kowa na so a ga littafinsa daga nesa a ce na wane ne. Buri ne mai kyau. Sai dai a duba Alƙur'anin da mahaddatanmu ke rubutawa da hannu. Baƙar tawada ta haruffa ce, ja ta wasulla, rawaya ta hamza, zayyana kuma tana zuwa ne inda ta nuna maka hizifi ko sujada. Kowane launi da aikinsa, kuma ba ka taɓa ganin zane ya hau kan aya. Ko mu dubi fararen littattafan Gallimard da muke ara a ɗakin karatu: bango mai ruwan madara, siririn layi baƙi da jajaye biyu a kewaye, take da ja. Fiye da shekara ɗari ke nan suna haka, kuma daga ƙofa kake gane su.

Shi ya sa na Tawa ya fi burge ni, shi da ba a kashe masa komai ba. Wata ɗaliba ce ta zana bangon da baƙin biro mai kauri: dagi ɗaya a tsakiya, irin wanda ake gani a jikin tsoffin gidajen Birni a Damagaram, take a sama da hannunta, ƙugiyar ƙ ta miƙe sosai. A ciki salon harafi ɗaya ne tak, an bar fili tsakanin baiti da baiti. Kwafin da ya zo mini ko shakka babu jikan kwafi ne, don akwai inuwar ɗan yatsan wani a shafi na 6, amma kowace kalma na nan daram. Aibinsa ɗaya: ba a sa lambar shafi a rabin farko ba, kuma sunayen marubuta biyu sun faɗa cikin ninki.

Shawarata ga kwamitin da zai haɗa fitowa ta gaba ita ce, kafin a biya kuɗin kwafi ɗari, a fitar da shafi ɗaya, a kwafe shi, a kwafi kwafin, a sake kwafar wannan. Na ukun shi za a miƙa wa wanda ya fi kowa raunin ido a cikinmu, da dare, a ga ko zai kai ƙarshen waƙar.