Zare, Garkuwa da Ƙafa: Yadda Ake Gina Ɗan Dambe

Kafin kalangu ya kira kowa, sai an ɗaure hannu. Ɗan dambe zai samu gefe ya zauna, ya miƙa hannunsa mai ƙarfi ga wanda ya amince da shi, ubangidansa ko wani ɗan gidansu. Zai dunƙule, a naɗe dunƙulen da ƙyalle don kada igiya ta ci fata. Sannan a ɗauko zare, wato igiyar nan siririya mai tauri, a fara kewayawa daga gaɓoɓin yatsu, layi na bin layi, ana ja ana ƙullewa, har a wuce wuyan hannu da 'yar tazara. Mai ɗauri yana yi yana tambaya ko ya kama. In ya matse fiye da kima, jini ba zai gudana ba, hannu ya mutu tun ba a je ko'ina ba. In ya yi sako-sako, zare zai warware a tsakar fili, ko wuyan hannu ya lanƙwashe lokacin naushi, mutum ya ji wa kansa rauni da ƙarfinsa. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani ma'auni da ba a rubuta ba, yatsun mai ɗauri ne kawai suka san shi. Idan an gama, alƙalin wasa zai shafa hannun ya matsa, ya tabbatar ba a cusa ƙarfe ko wani abu mai kaifi a ciki ba.

Wannan hannu da aka ɗaure shi ne mashi. Ɗayan, wanda aka bari a buɗe, shi ne garkuwa. Yawancin masu kallo mashin suke bi da ido, domin shi ke kawo ihu. Masana kuwa garkuwa da ƙafa suke kallo, kuma suna da hujja.

Hujjar tana cikin dokar wasan. A dambe ba a ƙirga maki, ba a ƙirga goma. Da zarar gwiwa, ko tafin hannu, ko wani sashe na jiki ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare. Turmi uku ake yi, wato zagaye uku, kuma a gargajiyance turmi ba shi da agogo: yana ƙarewa idan wasa ya yi sanyi, ko zare ya kwance, ko alƙali ya raba. In an cika ukun ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa. Saboda haka duk ilimin dambe ya tattara ne a kan abu guda, yadda za ka tsaya da ƙafarka kana neman raba wani da tasa.

A kwatanta da damben Turawa, ajin masu nauyi, inda ake haɗa waɗanda suka haura kilo 90.7. Ranar 1 ga Yuni, 2019, a birnin New York na Amurka, Anthony Joshua, wanda asalin iyayensa ya haɗa da Shagamu ta Jihar Ogun, ya kara da Andy Ruiz. A zagaye na uku Joshua ya kai Ruiz ƙasa. Da a gidan dambe ne, nan take makaɗa za su sauya kiɗa, a ɗaga Joshua sama. Amma can akwai ƙirgen goma. Ruiz ya miƙe, ya kai Joshua ƙasa sau huɗu kafin a tsayar da wasan a zagaye na bakwai, ya tafi da kambunan duniya. Da suka sake haɗuwa ranar 7 ga Disamba na shekarar, a Saudiyya, Joshua bai nemi musayar naushi ba. Ya rage nauyi, ya riƙa miƙa hannun gaba yana tsare tazara, yana zagayawa da ƙafa har zagaye 12, ya karɓe kambunansa da maki. Abin da ya cece shi a ranar shi ne abin da ake fara koya wa yaro a dandalin ƙauye, garkuwa da ƙafa. Bambancin kawai, ɗan damben gargajiya ba shi da damar miƙewa ya gyara kuskure.

To, ya ake tsayuwar? Ana buɗe ƙafafu sosai, ɗaya gaba ɗaya baya, a sassauta gwiwa, a juya jiki a kaikaice don abin da abokin karawa zai iya samu ya ragu. Garkuwa tana miƙe, tafi a buɗe, tana fuskantar idon abokin karawa. Mashi yana can baya, ƙasa-ƙasa, kusa da cinya, yana lilo a hankali. Nauyin jiki ya fi zama a ƙafar baya. Ta haka idan naushi ya taso, kai zai iya zamewa baya ba tare da an ɗaga ƙafa ba, kuma idan dama ta samu, akwai nauyin da za a turo gaba.

Aikin garkuwa ya fi a ƙirga. Ita ce ma'aunin tazara: in yatsunka sun taɓa goshinsa ko kafaɗarsa, ka san mashinka zai isa. Ita ke tare masa gani na ɗan ƙiftawa, lokacin da naushi ke tasowa. Ita ke danne garkuwarsa ƙasa, ko ta ture kafaɗarsa don ya gyara tsayuwa, kuma wanda ke gyara tsayuwa ba ya iya bugu. Wani gwanin ma ta nan yake jin niyyar abokin karawarsa, domin kafaɗa takan yi tauri kafin hannu ya tashi. Shi ya sa za ka ga manyan 'yan dambe biyu sun daɗe suna shafar hannun juna, suna matsawa taƙi ɗaya suna komawa, har masu gajen haƙuri su fara tsaki. A wannan shirun ake yin rabin wasan.

Naushin kansa ba daga damtse yake fitowa ba. Daga ƙafar baya yake farawa, ya bi ta ƙugu, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ya zo a ƙarshe, kamar dai yadda mai faskare ke sakin gatari, jiki duka ke sara, hannu rakiya kawai yake yi. Ana neman muƙamuƙi, ko gefen kunne, ko haɓa, wuraren da bugu ke girgiza kai har ƙafa ta saki. Sai dai irin wannan naushi mai faɗi yana da haraji. In ya wuce bai samu kowa ba, nauyinka ya riga ya tafi, fuskarka a buɗe take, kuma wani lokaci ba sai an taɓa ka ba, kai da kanka za ka dafa ƙasa. Don haka gwani ba ya yawan jifa. Yakan yi ƙarya da kafaɗa sau biyu ko uku, ya ga ta ina abokin karawa ke kaucewa, sannan ya aika na gaskiya zuwa inda kan zai je, ba inda yake ba. Ana kuma harbi da ƙafa, amma duk wanda ya ɗaga ƙafa ya tsaya a kan guda ɗaya, kuma ya san abin da hakan ke nufi. Bahago kuwa matsala ce ta daban. Mashinsa yana zuwa ta ɓangaren da ido bai saba tsaro ba, shi ya sa sunan yake da kwarjini a kowane fili.

Wannan jiki ba a fili ake samunsa ba. Dambe tun asali wasan mahauta ne, mutanen Sarkin Fawa, waɗanda ke yawo gari-gari bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya shiga rumbu kuma akwai kuɗi a hannun jama'a. Wanda ya taso yana kayar da bijimi, yana ɗaukar cinyar sa a kafaɗa, ya riga ya san nauyi da yadda ake karkatar da shi. A ƙasar Daudawa, wadda aka sani da gonar irin auduga tun zamanin Turawa, da sauran garuruwan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, aikin yau da kullum ma horo ne: huɗa da damina, dakon buhunan masara da kaka, riƙon igiyar shanu ranar kasuwar Sheme. Amma wannan ƙarfi ne kawai, kuma ƙarfi shi ne mafi arha a cikin kayan dambe. Wanda ya ɗauki abin sana'a yakan fita gudu bayan sallar asuba, ya dawo ya daki buhun yashi, ya yi tsallen-tsallen ƙarfafa gwiwa, sannan ya tsaya gaban ɗan'uwansa su yi ta maimaita taku ɗaya har ya zama ba sai an yi tunani ba. A daidai lokacin, wasu tsararrakinsa ba su tashi ba. Da yamma su ne za su zauna a majalisa da waya a hannu, suna maimaita bidiyon wasan, suna bayanin inda ya yi kuskure.

Akwai kuma laya, da kambu, da guru, da tsagar da ake yi a hannu a shafa magani. Kowa da abin da ya yarda da shi, kuma ba a rasa su a jikin 'yan wasa. Ni dai abin da na lura, masu manyan layu da ba sa gudun asuba ba sa daɗewa a tsaye.

Hawan matakin ma yana da tsari. Yaro yakan fara da tsumma a hannu a dandali. In an ga alama, sai ya kama ubangida, ya riƙe masa jaka, ya koyi ɗauri, ya buɗe fili da ƙananan wasanni kafin manya su fito. Daga nan sunansa zai rataya a na maigidan: Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, Bahagon wane. Zai kuma san ɓangarensa a cikin ukun nan, Kudu, da Arewa wadda ake wa laƙabi da Jamus, da Guramada. A da babu sikeli, ido ne ke haɗa mutum da daidai shi, kuma ƙin sa zare da wanda ya fi ƙarfinka ba abin kunya ba ne ga mai tasowa. Ubangida nagari ya san ranar da zai ce wa yaronsa, "Ba yau ba." Gaggawar haɗa yaro da babban suna ta kashe 'yan wasa da yawa tun ba su nuna ba.

Makaɗi shi ne ɗaya rabin sana'ar. Mai kalangu yana matsa tsarkiya a hammata, murya ta hau ta sauka, ya fitar da taken kowane ɗan wasa. Mai taken na ji zai fara tsuma, ya fito ya yi kirari, ya ambaci waɗanda ya kayar da garuruwan da ya kayar da su. Sunan Shago da karawarsa da Ɗandunawa sun kai ga kunnen mutanen da ba su taɓa ganin ko ɗayansu ba, albarkacin waƙar Ɗan Anace. Yau kuma gidajen dambe na dindindin sun karɓi aikin kaka: a Kano, a Dei-Dei ta Abuja inda gidan Ali Zuma yake, a Marabar Nyanya, har Legas. Ana sa babur ko mota a gasa, ana yaɗa wasa a YouTube da Facebook, wasu masu shirya gasa sun shigo da sikeli da agogo. Ga saurayin Faskari ko Sabuwa, inda rashin tsaro ya rage taron dare, hanyar suna yanzu ta birni take bi.

Sai dai zare ba safar damben Turawa ba ce, babu soso a cikinsa. Haƙori yana fita, gira tana tsagewa, yatsu suna karyewa su ɗore a karkace, kuma bugun kai yana tara bashin da sai an tsufa ake biya. Shekarun ƙarfi kaɗan ne. Wanda ya yi dabara yakan mayar da kuɗin liƙi gona, ko shanu, ko teburin nama. Wanda bai yi ba, sai dai a shirya masa ajo, abokan sana'a su taru su yi wasa a tara masa abin da ya samu. Masu gidajen dambe da masu sa mota a gasa, ku ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fili a kowane wasa, ku hana wanda aka sumar komawa sa zare sai likita ya duba shi, ku kuma ware wani kaso na kuɗin ƙofa don jinyar waɗanda suka ji rauni.