Misalin Mai Shuka a Kunnen Manomin Birniwa

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller ya ja gabansa, masu wa'azin Kirista su ke kawo misalin mai shuka na Markus sura 4, don koya wa masu bi girma cikin bangaskiya. Fassarar ba ta da aibu, wuyar tana wajen mai sauraro. Manomin gero a Birniwa ba ya watsa iri. Sara ya ke yi da sungumi, ya jefa ƙwaya, ya rufe da diddige. In ya ji iri ya zuba a kan hanya, sai ya ga sakacin mai shukar, alhali kuwa ƙasa a ke zargi, watau zuciyar mai ji. Ma'ana ta juye ke nan.

Magani kuwa yana kusa. A fadamar Haɗeja watsa shinkafa a ke yi, can ya kamata a kai labarin. A madadin ƙaya ga kacalla, wadda ta shaƙe gonaki da hanyoyin ruwa bayan an gama madatsar Tiga a 1974. Sabo da haka mai horad da masu wa'azi ya fara tambayarsu yadda a ke shuka a garinsu.