Bita: Bahjatul Afaƙ, lissafin da ke ƙarƙashin hatimi

A zaurukan malamai na Dayi da ƙauyukan Malumfashi, ba baƙon abu ba ne a ga hatimi mai gida tara a jikin allo, daga 1 zuwa 9, kowane layi ya tashi 15, a tsaye, a kwance ko a karkace. Amma da wuya a tarar da wanda ya san cewa wani Bakatsine ya yi wa wannan fanni littafi sukutum.

Shi ne Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi. Ya kammala Bahjatul Afaƙ da Larabci a shekarar 1145 bayan Hijira, wato tsakanin 1732 da 1733, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin wani shahararren masanin tarihi na Masar.

Abin da ya fi burge ni shi ne, Malam bai tsaya ga bayar da hatimi a haddace ba, hanyar ƙera shi ya koyar. A hatimin da yawan layukansa wutiri ne, akwai takun da ake bi, irin tsallen doki a wasan shaɗaranji, gida biyu gaba, ɗaya gefe, har gidaje su cika. Wanda ya kama ƙa'idar, girman lamba ba ya razana shi. Ka ƙara 1 a kan yawan gidaje, ka raba biyu, ka sami lambar tsakiya. Ka ninka ta da yawan layuka, jimlar kowane layi ta fito. Mai layi 5 yana ba da 65, mai layi 9 kuwa 369. Mu kai abin nesa, mu ce layi 99: gidaje 9,801, tsakiya 4,901, kowane layi 485,199. Ita ma wannan ƙatuwar lamba wutiri ce, kuma in aka sassare ta, ba komai a cikinta sai 3 sau biyu, 11, 13 sau biyu, da 29. Ba sai an zana gida ko ɗaya ba kafin a san haka.

Inda nake da ja shi ne yadda lissafin ya cakuɗe da ilmin haruffa da asirai, har marubucin yana jan kunnen ɗalibi ya ɓoye abin da ya sani. Zamaninsa ke nan, ba a musa ba, amma a ganina ɓoyon ya taimaka wajen raba littafin da 'yan makaranta. Sai ga shi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ce ta yayata aikin a littafinta Africa Counts a 1973, alhali malamin lissafi a sakandaren Funtua zai iya cika darasi guda da hatimi mai layi 5 kawai, da alli da baƙin allo.